Ranar da Na Tafi Sayen Ƙasar Wata

Abubuwa da yawa na zamanmu a unguwar Nuzla ta Jidda sun fice min daga kai, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na tafi unguwar Bagdadiyya sayen ƙasar wata ba. Eh, watan nan na sama. Ku yi dariyarku, na yafe.

A lokacin mahaifiyata, Inna, ta shekara tana fama da ciwon huhu. Numfashinta ya dogara da ambuba, wato tukunyar iskar oksijin da ke jingine gefen katifarta. Kullum idona na kan allurar da ke nuna abin da ya rage. In ta yi ƙasa sai gabana ya faɗi, don kafin a kai a cika a hauro da ita benenmu, Inna ta gama galabaita. Ni kaɗai gare ta a Jidda, ɗinki nake yi a gida.

Wata rana da hantsi ina kan keke, talabijin na ta surutunsa, sai kunnena ya tsinci "oksijin". Na ɗago kai. Wani mai furfura ne ke bayani da Larabcin littafi, wai ƙasar wata cike take da oksijin, in aka zuba ta a na'ura aka gasa da zafi mai tsanani sai iskar ta fito, mutane su shaƙa ba tare da jigilar tukwane ba. (A layinmu fa ni ce gwanar Larabci, ni ake kawo wa takardar asibiti in karanta. Wannan jin kan shi ya kai ni ya baro.) Jigilar tukwanen nan kaɗai na riƙe. Cewa gwaji ne, kuma don masu son zama can sama ake yinsa, duk ya bi iska.

Na ruga wajen Inna. "Inna, halas! Wahala ta ƙare. An samo na'urar da ake zuba wa ƙasar wata, iskarta ba ta ƙarewa."

Ta zame robar hancinta ta ce, "Ƙasar wata? Wa ya ɗebo?"

"Turawa mana, ai sun daɗe da zuwa."

"Allah mai iko," in ji ta, ta yi murmushin da rabona da gani tun kafin azumi.

Na kira maƙwabciyarmu Hajiya Rabi ta zauna da ita. Kafin in gama sa abaya, benen duka ya ji labari. Har wata ta leƙo ta ce in tambayo mata ko na'urar tana yi wa mai asma.

Kantin kayan asibitin da na nufa a Bagdadiyya cike yake da mutane. Ban bi layi ba, na kutsa gaba na ce wa mai kantin ina son na'urar nan ta ƙasar wata.

"Esh?" ya ce, wato "me?"

Na maimaita da ƙarfi, dalla-dalla, kamar ina koya wa yaro alif. Har na ƙara da cewa, "Yau aka nuna a talabijin. In ba ku kawo ba ku faɗa min in duba gaba."

Mutumin ya gyara fuska ya ce, "Ya hajja, motarmu ba ta dawo daga wata ba tukuna. Ki leƙo bayan sallah."

Ni kuwa baiwar Allah, da gaskiyata na ce, "Ƙarama ko babba?"

Wayyo! Dariya ta ɓarke kamar an fasa tulu. Wani har yana dukan kanta. Na tsaya ina raba ido, ban ma gane me na faɗa ba.

Wani dattijo Bahaushe da ya zo sayen sandar dogarawa ne ya matso ya ce, "'Yata, zo nan gefe." A hankali ya fahimtar da ni cewa shi ma ya ga shirin, abin yana ɗakin bincike, kuma ko ya yiwu, can sama za a yi amfani da shi. Sannan ya ce, "Wa ke gare ki ba lafiya?"

Na buɗe baki in ce Inna, sai kuka ya riga maganar fitowa. Dariyar ta ɗauke. Mai kantin ya zagayo yana ta "samhini, samhini", a yafe masa. Wallahi tausayin nan ya fi dariyar ƙona ni.

Da na dawo, na wuce matan da ke jirana a matakala kaina a ƙasa. Inna ta dubi hannuna, ta dubi fuskata. Na durƙusa na faɗa mata komai, har zancen ƙarama ko babba. Ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta, na tashi na ƙara mata iska. Da ta samu numfashi sai ta kama hannuna ta ce, "Bar musu tasu ta sama, ɗiyata. Ni ta nan ce ke jirana, ita kuwa ba nisa."

Ba ta ƙara wata biyu ba.

Darasin dai na ɗauka: wanda tsoron rashi ya kama, abin da zuciyarsa ke so shi kunnensa ke jiyo masa. Yanzu in na ji labarin da daɗinsa ya yi yawa, nakan zauna in sha ruwa, in tambayi wani ko shi ma haka ya ji. Sai dai in faɗa muku gaskiya: da a ranar an ce akwai wani kantin a gaba, da na je an sake yi min dariyar.