Jajayen Layukan Gani-Ɗaya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe tara da minti ashirin na safe, mutumin da ma'aikatan kamfanin neman ma'adinai ke kira Gani-Ɗaya ya shimfiɗa taswira a teburin taro, ya danne gefenta da kofin shayinsa, ya sanar cewa ya gano tamar da tattaɓa-kunnen kamfanin ma ba za su ga ƙarshenta ba. Daga bakinsa sunan ya fito, domin a cewarsa kallo ɗaya yake yi wa taswira ta amayo masa sirrinta.

Taswirar nan, mai karatu, aikin ƙaramin jirgin sama ce da ya yi ta safa da marwa bisa daji, ɗauke da na'urar auna maganaɗisun duwatsu. Inda ƙarfin ya yi yawa, sai wurin ya fito ja. Ga kuwa jajayen layuka goma sha ɗaya, miƙe samɓal.

Tsohon safiyon kamfanin, wanda ya shekara talatin da huɗu yana awon ƙasa da sarƙa da fensir, ya gyara tabarau, ya ce cikin ladabi shi dai bai taɓa ganin dutsen da aka shata da rula ba, kuma layukan sun bi sawun jirgin ƙafa da ƙafa.

"Baba, zamanin sarƙa ya wuce," in ji Gani-Ɗaya. "Ka zauna ka fiƙe fensirinka, ka bar manya su yi tunani."

Manaja ya ba shi injin haƙa na wata guda, da sharaɗi: in tama ta fito, kujerar shugaban sashe tasa ce, in ba ta fito ba, ya koma sito yana liƙa wa buhunan samfur lamba.

Rami na farko ya ba da yashi. Gwanin ya ce tama mai daraja ba ta kwana a sama. Na biyu ya ba da laka, ya ce wannan ai gumin tama ne. A na huɗu haƙorin injin ya karye, ya yi ta taya kowa murna, wai taurin arziki ne. Da na bakwai ya feso ruwa ya jiƙe shi har cikin takalmi, sai ya ɗora laifin a kan matuƙin jirgi.

Matuƙin bai yi musu ba, littafin tashinsa kawai ya aiko. Safiyo ya kwana biyu yana gwada shi da taswira, ya tarar kowane jan layi tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu da rabi na rana aka bi shi. A gaban taro ya bayyana wa manaja cewa akwai na'ura ta biyu da ake girkewa a ƙasa, a sansanin ma'aikata, da ita ake gyara awon jirgi, kuma ko cokali ba a yarda ya matso ta ba, domin kowane ƙarfe yana ɓata awonta. Sai safiyon ya sa aka kira maigadin sansanin, ya tambaye shi abin da ke faruwa a wurin bayan azahar.

"Ba komai, ranka ya daɗe," in ji maigadin. "Sai dai Yallaɓai Gani-Ɗaya da ke kawo motarsa ya jingina da na'urar, don nan ce kaɗai inuwa, ya kwantar da kujera ya ɗan runtsa."

Gani-Ɗaya ya ce ba barci yake yi ba, sa ido yake yi. Maigadin ya ce haka ne, har da minshari.

Manaja ya zaro makullin sito, ya tura wa Gani-Ɗaya a kan tebur ba tare da ya ɗaga kai ba. Safiyo kuwa ya buɗe littafinsa, ya rubuta da kyakkyawan hannu: ramuka bakwai, zurfi mita ɗari shida da arba'in da biyu, barcin rana goma sha ɗaya, ƙarfen da aka gano guda ɗaya, mai taya huɗu.