Tagar Gilashi a Ammariyya

Kwanaki kaɗan na yi a Rotterdam, na raka kafilina, wato maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, asibiti, amma na dawo Jidda ina jin babu wanda ya kai ni sanin gini. A can na ga gidaje gilashi ne tun daga ƙasa har sama, rana ta shigo ta kwanta a falo kamar kyanwa. Na tsaya gaban tsohon gidanmu na Ammariyya, na dubi roshan ɗin marigayiya Umma, tagar katakon nan mai ƙananan ƙofofi, na ce, "Halas, zamaninki ya wuce."

Matata Zainabu ta ce, "Abu Usman, ranar Jidda fa ba ta Turai ba ce."

Na ce, "Ke kin taɓa zuwa ne?"

Aka ɓamɓare katakon, aka kafa gilashi bango guda. Kafin azahar falon ya zama tanderu, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ta gurnani amma babu sanyi. Da magariba muka kunna fitila, sai mai shagon tsallaken titi ya ɗago mini hannu yana gaisuwa. Ni kuwa ina zaune daga ni sai gajeren wando, loma a hannu.

Yanzu barguna ne rataye a kan gilashin, Turan nan tawa. A duhunsu nake zama ina tuna iskar da ke ratsowa ta roshan, ta bi ta kan tulun Umma, ta iso mana da sanyi.

Ko jiya da na fito masallaci, mai shagon ya ce, "Injiniya, yaushe za a ɗage labule? Unguwa ta yi kewar kallo."