Mudirin Filin Tsere na Bayan Uhudu

Duk wanda ya zauna a Madina bai san Ustaz Sharfuddeen ba, to ya binciki zamansa. Shi ne bawan Allahn da ya kawo wa unguwarmu ci gaban da ba ta roƙa ba. Shi ya kafa Babban Filin Tseren Mota Mai Amfani Bakwai a can bayan Uhudu, kuma ya zama Mudir, wato shugaba, a wani taro da ya halarta shi kaɗai, aka zaɓe shi ba hamayya.

'Yan baƙin ciki suna cewa shekara talatin ya yi yana jigilar alhazai daga Uhudu zuwa Harami a tsohuwar motarsa ƙirar Jims, kai a waje ta taga yana kiran fasinja. Mudir ya ƙaryata. Ya ce atisaye yake yi. Tun ranar da ya ga tseren mota a talabijin ɗin maƙwabci, cikin 1997, ya gane an halicce shi don gudu ne, cunkoson hanya kawai ya binne baiwar. Muka raɗa masa Guguwa, ya karɓa hannu bibbiyu, bai tambayi dalilin dariyar ba.

Filin kuwa gadon matarsa ne, Zenabu, wadda ta daɗe tana son ta kewaye shi ta zuba raguna don kasuwar layya. Mudir ya ce wannan tunanin bai dace da ƙarni mai zuwa ba. Ya jera tsofaffin tayoyi ɗari da 'yan kai, ya shafa musu farar ƙasa, hanya ta samu. Tankin ruwa ya zama hasumiyar alƙalai, saboda yana da tsani. Kujerun roba tara da darduma biyu suka zama wurin manyan baƙi. Akwai Kwanar Mutuwa, wadda tun da aka kafa ta abin da ta kashe bai wuce ƙadangare ɗaya ba, shi ma ana zargin tsufa ne. Tutar tashi ma bai sha wahalar nema ba, tsohon shimagi, ƙyallen kan Larabawa mai ja da fari, ya ɗaura a sandar tsintsiya.

Idan baƙo ya yi kuskuren tsayawa, Mudir zai kama hannunsa ya zagaya da shi.

"Ya ahi, wannan ba fili ba ne, mashru'i ne, gagarumin aiki! Da safe koyon tuƙi. Da hantsi shanyar dabino. La'asar ƙwallo. Alhamis walima. Wankin kafet kullum. Ga tsere, ya'ani uban tafiyar."

In ka ƙirga ka ce shida ke nan, sai ya dube ka da tausayi ya ce na bakwai yana hannun kwamiti. Kwamitin shi ne.

Shekara biyu ana haka, dabino ya bushe, kafet ya fita tas, amma ko keke bai yi tsere ba. Ran nan Zenabu ta ajiye masa shayi, ta kira shi da alkunyarsa ta ce, "Abu Sundus, halas, ya isa haka. Ka yi tserenka sau ɗaya mu gani. In ka ci, fili naka ne. In ba ka ci ba, ranar Asabar raguna za su shiga."

Mudir ya yi murmushin manya. Ya duba Madina kaf, ya zaɓo abokin karawa: Dakta Sabiru, wani Bakano mai haɗa magani a asibiti, mutumin da ke kunna sigina in zai shiga garejin gidansa. Don kada a ɓata lokaci, Mudir ya sayo butar gahawa ta tagulla a matsayin kofi, ya sa aka zana sunansa a jiki tun kafin ranar.

Juma'a bayan la'asar muka cika fili, har da masu sayar da tsire. Mudir ya fito sanye da hular kwanon masu gini a kan rawani, ya hau tanki ya yi jawabi.

"Ya jama'a, tarihi yana kallonku! Zagaye biyar ne. Ina roƙon mata da masu hawan jini su ja baya."

Aka kaɗa shimagi. Wallahi ba zan ci haƙƙinsa ba, Guguwa ya yi gudu. Jims ta yi wani gurnani, ƙura ta turnuƙe, muna ihu muna tsalle kamar yara. Kafin Dakta ya gama ɗaura bel ya karanta addu'ar hawa abin hawa, Mudir ya shanye zagaye guda. A zagaye na huɗu ya riga Dakta da zagaye biyu. Na dubi Zenabu, har ta ba ni tausayi, ragunanta suna tafiya a kan idonta.

Ana cikin haka sai ga wasu alhazai 'yan Najeriya su bakwai, waɗanda motar ziyara ta tafi ta bari a Uhudu. Sun hango taro da mota, suka nufo mu da jakunkunansu. Daidai Kwanar Mutuwa, a zagaye na ƙarshe, saura taku kaɗan a gama, wata dattijuwa a cikinsu ta ɗaga hannu.

Shekara talatin ba wasa ba ce. Ƙafar Mudir ba ta nemi shawarar kansa ba. Sai muka ji ƙiiii! Jims ta tsaya cak a gefen dattijuwar, kai ya leƙo ta taga, hular kwano a karkace, murya ta fito tangaram:

"Harami! Harami! Yalla ya Hajiya, saura mutum ɗaya!"

Kafin ya farga, bakwai ɗin sun shige da jakunkunansu, Hajiya ta kame a gaba tana sa masa albarka. Ya juya zai yi bayani, ta ce, "Ɗan nan, yi sauri kada magariba ta kuɓuce mana." Wa ya isa ya sauke baƙin Manzo a tsakiyar fili? Muna kallo zakaran ƙarni ya ratsa tsakanin tayoyi biyu, ya hau kwalta, ya nufi gari.

Dakta Sabiru ya ci gaba da zagayensa a natse, yana kunna sigina a kowace kwana. Da ya gama aka miƙa masa butar gahawa. Ya karanta sunan da ke jiki, ya ce ba komai, gahawa ba ta iya karatu ba.

Da Mudir ya dawo ya ce a soke sakamakon, domin an samu kutse daga ƙasar waje. Ya ɗaukaka ƙara zuwa kwamiti. Zenabu ta ce ya gaida kwamitin.

Ranar Asabar raguna arba'in suka shiga, amfani na bakwai ya bayyana. Allon sunan filin yana nan, shi ne ƙyauren garken. Kuma kada a ce an daina tsere a wurin: makon jiya wani rago ya tsinke igiya, Mudir ya tattare jallabiya ya bi shi zagaye uku. Ya zo na biyu.