Bafaranshen Jibiya

Da za mu sa 'yarmu Hauwa firamare a Riyad, uwargida ta ce makarantar Larabcin nan ta Nasiriya ta isa. Na ce sam, wadda ba a jin komai cikinta sai Faransanci za ta shiga, aikin gida da za a riƙa ba ta kuma a bar mini. Ni da na tashi a Jibiya, bakin iyakar Nijar, wa zai gwada mini Faransanci?

Bayan wata takwas aka kira taron iyaye. Malamar ta buɗe baki kamar an kunna famfo. Na gyara zama ina gyaɗa kai cikin kwarjini. Da ta dube ni da alamar tambaya, na sakar mata "Wi!" mai ƙarfi, wato "E". Iyaye suka ɗau tafi.

A mota Hauwa ta ce, "Baba, ashe kai za ka karanta wa ajinmu labari ran Lahadi!"

Na je kuwa, da babbar riga. A layi na biyu karatu ya kakare mini. Hauwa ta zare littafin daga hannuna ta ƙarasa tiryan-tiryan. Wallahi kaina ya kumbura, ai makarantar zaɓina ce.

Har yau, ko gishiri na ce a miƙo mini, uwargida sai ta ce, "Hauwa, fassara mana, Bafaranshen Jibiya ya yi magana."