Na'urar Hoton Ciki Mai Arha

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar a Hayyin Ashir ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwar ba za su bar ni ba.

Karatu ne ya kawo ni Alƙahira. Da na gama, maimakon in tattara in koma Gusau, sai na samu aiki a wani ƙaramin asibiti da ke cikin wani tsohon bene, inda yawancin masu zuwa 'yan Sudan ne, sai ɗalibanmu na Najeriya da Nijar da iyalansu. Mai asibitin ita ce Daktora Ikhlas, likitar mata, haifaffiyar Sudan amma kakanninta Hausawa ne. Ni ba likita ba ne, ko allura ban iya yi ba. Aikina shi ne kula da abin da ake kashewa a kan kayan aiki: intanet, kwamfutoci, tawadar firinta, manhajar da muke ajiye bayanan marasa lafiya, da duk wani abu mai waya a jikinsa.

Kuma da farko na yi ƙoƙari, wannan kam ba zan ƙi faɗa ba. Na gano muna biyan layin intanet biyu alhali ɗaya muke amfani da shi, na yanke ɗayan. Na samo mai cika mana tawada maimakon sayen sabuwa. Daktora ta yaba mini a gaban ma'aikata, ta ce tun da na zo asibitin ya fara numfashi. Wannan yabon shi ne ya kashe ni. Daga ranar na fara tafiya kamar ministan kuɗi, in na ga fanka tana juyawa babu kowa a ɗaki sai in tsaya in yi wa'azi.

Babban abin da muka rasa shi ne na'urar ɗaukar hoton ciki. Duk mai juna biyun da ta zo, sai an tura ta wani wuri mai nisa can cikin Madinat Nasr, ta hau ƙaramar bas ɗin haya da ake kira mikrobas da tsohon ciki, ta bi layi, ta dawo mana da takarda. Da ƙungiyar 'yan ƙasarmu ta ga haka, sai ta yi karo-karo ta ba da gudunmawa, asibiti ya ƙara nasa. Daktora ta zaunar da ni ta ce, "Ustaz, na riga na zaɓi na'urar da nake so, kuma na yi magana da kamfanin. Abin da ke hannunmu kafin alƙalami ne, sauran za mu riƙa biya wata-wata. Tana da tsada, na sani, amma akwai garanti, suna zuwa gyara, kuma za su koya wa ma'aikatanmu. Kuɗin na'ura ba ya ƙarewa a ranar da aka saye ta."

Na ce, "Tamam, shi ke nan, Daktora." (A zuciyata kuwa cewa nake yi, likitoci dai ba su san darajar kuɗi ba.)

Sai ta tafi Umara, ta bar mini umarni ɗaya tak: in je in biya kamfanin kafin alƙalami.

Ni kuwa sai na buɗe shafin sayar da kayan hannu a wayata, na jera na'urorin daga mafi arha. Ta farkon da ta fito ta tsayar mini da numfashi. Na'urar hoton ciki, kusan sabuwa, mai jakar ratayawa, kuma kuɗinta gaba ɗaya bai wuce abin da za mu ba kamfani a matsayin kafin alƙalami ba. Ba bashi, ba biyan wata-wata. Akwai dogon bayani a ƙarƙashin hoton, amma wa ke karanta dogon bayani bayan ya ga farashi?

Shagon yana can bayan gari, wajen da gidaje suka fara ƙarewa gonaki suka fara. Mai shagon wani dattijo ne mai fara'a, Hajji Sabri. Na ga hotunan dawakai a bango, na ce a raina mutumin yana son sukuwa. Na ga buhuna jibge a gefe, na ce ƙila yana haɗawa da wata sana'ar. Ya kawo mini shayi muka zauna. To, Larabcina na littafi ne, shi kuma Hajji Sabri yana zuba na Masar da gudu, kuma ina da wata mummunar ɗabi'a: in ban gane magana sosai ba sai in gyaɗa kai, don kada a ce mai digiri bai ji ba.

Ya ce, "Kai nawa kuke dubawa a wata, ya basha?" (Haka mutanen Masar suke kiran mutum don girmamawa.)

Na ce, "Da yawa, kuma kullum ƙaruwa suke yi."

"Masha Allah. Na gida ne ko na waje?"

"Yawanci daga Sudan suke."

Ya ce, "Na Sudan akwai juriya. Suna ba ku wahala wajen dubawa? Wasu sai an riƙe su."

Na ce, "A'a, namu suna da haƙuri. Da kansu ma suke zuwa."

Ya ajiye kofinsa ya dube ni da mamaki, ya ce lallai mun iya renon su. Na yi godiya. (Na san kai mai karatu ka riga ka gane. Ni ma ina da kai a lokacin, amma arha ta zauna a kansa.)

Ya kunna na'urar ya nuna mini wani hoto da aka ajiye a ciki, baƙi da fari, duk dishi-dishi. Ya sa yatsa ya ce ga ɗan nan a kwance. Na ƙura ido, na ga kamar ƙafafun sun yi yawa, sai na ce masa, "Tagwaye ne ke nan." Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce 'yan Najeriya akwai barkwanci. Na biya, ya ƙara mini da wani ƙunshi a leda ya ce kyauta ce, na rungumo kwali na dawo ina jin kamar na ci yaƙi.

Da a ce na tsaya a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma sai na ga bai kamata irin wannan nasara ta wuce shiru ba. Na kira shugaban ƙungiyarmu, Alhaji Tijjani, na gaya masa na'ura ta iso, kuma ba a bin mu ko sisi. Ya yi murna ƙwarai, ya ce lallai a yi 'yar walima ranar da Daktora za ta dawo aiki. Matarsa Hajiya Rabi tana da tsohon ciki a lokacin, ta ce ita za a fara dubawa. Daktora kuwa saƙo kawai na tura mata cewa akwai albishir.

Ranar Asabar ɗin ɗakin jira ya cika. Dattawan ƙungiya, matansu, ma'aikatanmu, ga lemo ga dabino. Na sa farar jallabiyata. Har jawabi na yi, inda na ce matsalar asibitoci da yawa ita ce ba su da mai tsara musu kashe kuɗi. Daktora tana zaune tana kallon kwalin, kuma tun a lokacin na lura ba ta murmushi.

Ta tashi ta buɗe. Ledar kyautar nan ta fara cirowa, ta zaro safar hannu guda ɗaya. Ta yi ta zarowa, safar ba ta ƙare ba. Da ta ɗaga ta sama, tsawonta ya kai daga yatsu har kafaɗa. Na ce, "Kyauta ce, Daktora."

Ta ciro abin da ake ɗorawa a kan ciki, sai ga shi dogo siriri, da wata doguwar waya, bai yi kama da wanda muke gani a asibitoci ba. Ta juya shi a hannunta, ta dube ni, sannan ta danna maɓallin kunnawa.

Allon ya kawo haske, ya nemi a zaɓi wanda za a duba. Ga hotuna nan a jere, manya, kowa na gani: saniya, goɗiya, raƙuma, tunkiya, akuya.

Duk hirar da muka yi da Hajji Sabri ta dawo mini daki-daki, kowace tambaya da amsar da na ba shi, har da inda na ce namu da kansu suke zuwa. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Wani dattijo ya cire tabarau ya goge ya mayar. Can sai Hajiya Rabi ta gyara zama, ta dafa cikinta, ta leƙa allon da kyau, ta ce a hankali, "To Ustaz, ni wacce zan zaɓa a ciki?"

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce ta mutane, wani abu ne kamar rushewar gini. Wata ma'aikaciyarmu ta fita da gudu tana riƙe da baki. Alhaji Tijjani ya so ya daure saboda girma, kafaɗunsa suka tona shi. Daktora kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta kashe na'urar, ta ninke safar nan ta mayar a leda, ta ce wa baƙi ma'alish, wato su yi haƙuri, a ci dabino, za a gyara. Sannan ta ce in same ta a ofis.

Na shiga ina jiran kora. Ta ce, "Ba zan tambaye ka dalilin da ya sa ka saya ba, na san don ka taimaka ne. Amma kiran waya ɗaya fa, Ustaz. Hoto ɗaya da ka turo mini da na gaya maka." Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Hajji Sabri bai ƙi karɓar kayansa ba, amma sai da ya yanke wani abu mai tsoka daga kuɗin, bayan ya yi dariya har ya nemi ruwa. Ya nuna mini tallar, ga shi nan a layi na biyu an rubuta ƙarara cewa ta likitocin dabbobi ce. Abin da ya dawo hannunmu bai kai kafin alƙalamin kamfani ba, sai da muka ƙara watanni muna cikawa, ni ma na sa a riƙa cira daga albashina. A duk tsawon lokacin matan nan suka ci gaba da hawa mikrobas da tsohon ciki. Ina ganinsu ta taga suna saukowa daga bene a hankali, hannu a ƙugu, kuma wannan ɓangaren bai taɓa ba ni dariya ba.

Na'urar gaske ta zo daga baya, da injiniyanta da garantinta. Ba a yi walima ba, ni ma ban nema ba.

Hajiya Rabi ta sauka lafiya, aka samu namiji. Ana gobe suna Alhaji Tijjani ya kira ni, murya a natse, ya ce ƙungiya ta zauna ta yanke shawara ni zan je in zaɓo ragon suna, tunda ni ne ƙwararrenmu a wannan fanni. Ina jin dariyar mutane a bayansa. Na ce na karɓa.

Kuma na je. Sai dai ban tafi ni kaɗai ba, na ɗauki mahaucin unguwarmu, na tsaya a bayansa na yi shiru har ya gama taɓa ragunan ya nuna wanda za a saya. Ya fi na kusa da shi tsada, ban ce uffan ba. Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi: in za ka sayi abin da ba kai za ka yi aiki da shi ba, ka riƙe jakar kuɗin, ka bar mai aikin ya nuna.