Masu Sulke a Cikin Ɗigon Ruwa

"...lafiya lau, Amarya, sai dai kewarki. Wannan farar riga kuma, fatalwa kika koma?"

"Gara fatalwa da ango marar haƙori. Ina saƙona?"

Tsoho ya dire kwalbar a kan teburinta, tsakanin gilasai da madubin da take duba ƙananan halittun teku da shi. Ruwan ciki ja ne kamar an wanke nama. Jikarsa ce, ita ke aikin gwajin ruwa a wannan ɗaki. Tun safe matattun kifaye ke ta taruwa a gaɓa, da hantsi kuma aka kai Kaka, matar Tsoho, asibiti numfashinta na sarƙewa, bayan ta ci kawa, naman teku mai ɓawo, da Tsoho ya roro. Likita ya ce yana son sanin me ke cikin ruwan wurin.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji Tsoho. "Tun da kika fara leƙen teku da wannan ido ɗaya naki ya ɓata rai."

"Ƙafarka ce ta shiga ciki. Rabonta da sabulu tun ina goye."

Ta ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi, ta kafa ido.

"Me kika gani? Dangin mijin da za ki aura in na sake ki?"

"Danginka ne. Ga wani mai ƙaho uku, biyu a lanƙwashe kamar ƙugiyar jirginka. Fuska a murtuke, amma ba shi da dafi. Kai ke nan."

"To a rubuta shi cikin gadona."

"Duk gidansu ɗaya. Kowanne da tsagi a ƙugu kamar ɗamara, da 'yan bulalai biyu da yake juyi da su. Sai dai gidan ya rabu: wasu tsirara suke, wasu da sulke. Masu sulken da farantan jikinsu ake gane su, a ƙirga, a ga yadda aka jera."

"Ashe ƙidayar farantai aka tura ki koya. Da na sani na bar ki a kicin."

Ta murɗa madubin kaɗan, sai ga su sun cika fili: dunƙulallu, masu kusurwa, sulke mai kauri, sun kama juna biyu-biyu, huɗu-huɗu kamar sarƙa. Ta san su. Ta sake bin farantan ɗaya bayan ɗaya ko Allah zai sa ta yi kuskure. Ba ta yi ba.

"Bakin ya mutu?" in ji Tsoho.

"Masu sarƙa ne. Kawa tana tace su, dafin ya taru a cikinta. Dafuwa ba ta kashe shi."

"Abin da ido ba ya gani zai ka da matar da ta ka da ni?"

"Ɗan hakin da ka raina."

"Akwai magani?"

"Babu makari. Sai a riƙe wa mutum numfashi da na'ura har dafin ya fita. Wanda aka kai da wuri yakan tashi."

Ta buga wa likita waya ta faɗa masa, ta ce a sanar a hana roron kawa. Da ta juyo, Tsoho na ƙoƙarin rufe kwalbar. Murfin ya suɓuce masa, ya sake ɗauka, ya sake suɓucewa.

"Ango, guda nawa ka ci?"

"Ni? Namiji ya ci abincin tsofaffi?"

"Ce mini ɓauna."

"Ke che... ɓa..." Leɓensa ya ƙi haɗuwa. Ya shafa bakin da bayan hannu. "Sanyin ɗakinku ne."

"Mutumin da yake zagina tun ranar da aka haife ni, yau harshe ya yi masa nauyi? Guda nawa?"

"Uku. Na ɗanɗana mata ne." Ya sunkuyar da kai. "Ni na kai mata, Amarya. Da wane ido zan kwanta kusa da ita ina neman a cece ni?"

"Da wannan jan idon naka. Kana so ta farka ta tarar ka gudu ka bar ta da takaba? Ni ma ban shirya zawarci ba. Tashi."

"Ba na hawa motarki. Tuƙinki ya fi dafin kisa."

"To zaɓi wanda zai kashe ka."

Ya dube ta, dariya ta kubce masa ta gefen baki ɗaya, hawaye na bin ta. Ya laluba wuyansa da ƙyar, ya ciro igiyar makullin jirginsa, ya saka mata a tafin hannu.

"Kin ci nasara. Riƙe wannan, kada na ji sauƙi na koma teku."

Ta rataya hannunsa a kafaɗarta. Ya fi yadda ta zata nauyi.

"Ka yi ta zagina har mu isa," ta ce. "Kada ka yi shiru."