Ranar da Na Ari Rigar Haliru Tela

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na sa riga mai lamba tara. Sau ɗaya tak na sa ta a rayuwata, amma har yau in na tuna sai in tsinci kaina ina rufe fuska da tafin hannu, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

A Gummi ne, 'yan shekaru kaɗan bayan an ba mu jihar Zamfara. Lokacin ina saurayi, da safe gona, da yamma fili. A ƙungiyar unguwarmu ni ne lamba shida, wato jakin ƙungiya. Ni zan ƙwato ƙwallo, ni zan sha duka a ƙwauri, ni zan koma baya in taimaki masu tsaro, ni kuma zan sake ɗauko ta in kai gaba. In aka tashi wasa, rigata sai an matse ta kamar an tsamo daga gulbi.

Can gaba kuwa akwai Haliru. Tela ne a bakin kasuwa, gajere, mai ɗan tumbi, tafiyarsa kamar wanda ya ƙoshi da tuwo. Wallahi Haliru ba ya gudu. Zai tsaya kusa da masu tsaron bayan abokan karawa, hannu a ƙugu, wani lokaci har hira yake yi da su, ya tambayi mutum wa ya ɗinka masa wando. Sai ka manta yana cikin fili. Can sai ka ji usur, an ci, kuma shi ya ci. Wata rana da ƙafa, wata rana da gwiwa, akwai ma ranar da ƙwallo ta bugi ƙeyarsa ta shige. Da wuya a yi wasa biyu a jere bai ci ba. In an tashi, rigarsa fes, ana iya zuwa ɗaurin aure da ita.

Abin yana ci mini rai (yanzu da na girma zan iya kiransa da sunansa: hassada ce). Mai shayin bakin tasha yakan soya wa Haliru ƙwai kyauta duk ranar da muka ci wasa. Ni kuwa sai dai ya ce mini, "Sannu da ƙoƙari." To ni ma sai na mai da teburin mai shayin wurin wa'azina. Kullum maganata ɗaya ce: "Mi Haliru ka yi? Mu ka dafawa, shi ka buɗe baki. Ko turmi anka aje wurin nan, ƙwallo ta buge shi ta shiga." Haliru yana zaune yana ji. Sai ya yi murmushi ya tura mini rabin ƙwansa. Ni kuma, don rashin kunya, in cinye in ci gaba da zaginsa.

A shekarar nan wani attajiri ya sa kofi, da rago ƙato a kai, tsakanin ƙungiyoyin Gummi da Anka da Bukkuyum. Kafin azumi muka fitar da 'yan Anka da ci ɗaya, kuma ba sai na faɗi wanda ya ci ba. Aka sa wasan ƙarshe kwana biyu bayan ƙaramar Sallah, a filinmu, mu da 'yan Bukkuyum.

Ana jajibirin Sallah, Haliru ya hau kabu-kabu zai kai ɗinki wani ƙauye, wajen sauka salansar mashin ɗin ta ƙone masa ƙwauri. Ƙuna ba ta wasa ba, har ta yi ruwa. Kocinmu, Malam Isiya, wani malamin firamare mai saurin fushi, ya tara mu ƙarƙashin darbejiyar bakin fili, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. Ni kaɗai ne cikina ya yi fari, Allah Ya yafe mini.

Na ɗaga hannu na ce, "Malam, ku ba ni rigar."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kai? Yaushe rabonka da cin ƙwallo?"

"Ai ba a taɓa aje ni wurin ba. Ku aje ni ku gani. Ukku nika ci, in Allah Ya so."

Ba shi da wani, sai ya yarda. Haliru da kansa ya miƙo mini rigar, a goge, a ninke. Ya ce, "Mutumina, in ka samu, kada ka yi gaggawa. Ka duba tukuna." Na ce masa ya adana shawararsa, ya je ya yi jinyar ƙafa.

Ban tsaya nan ba. Ina da kawu a Bukkuyum, ƙanin Inna, mai son ƙwallo da tsokana, kuma ɗan gani-kashe-nin ƙungiyar garinsu. Na sami direban motar kasuwa na ba shi saƙo: a gaya wa Kawu ya zo da kansa, ya zo da hankici, don zai buƙace shi. (Ka ji fa. Babu wanda ya aike ni.)

Ranar wasa, bayan la'asar, fili ya cika har kan katangar makaranta. An kafa rumfa, an jera kujeru, manyan gari sun zauna da manyan riguna, ga Kawu a layin gaba da sabuwar hula. An ɗaure ragon a gefe yana cin harawa. Wani sabon abu kuma: mu a filinmu turaku ne kawai, ba mu taɓa wasa da raga ba. Don girman ranar sai aka aro komar masunta daga bakin gulbi aka ɗaura a turakun. Tana ta ƙarnin kifi, amma mu a idonmu kamar wasan da ake nunawa a talabijin.

Aka busa usur. Minti goma ba su cika ba na gane akwai matsala. A lamba shida, fili yana gabanka, kana ganin kowa. A lamba tara, ka juya wa gida baya, ga wani ƙaton Bafillace mai tsaron baya yana numfashi a wuyanka, duk inda ka juya yana nan. Na gudu dama, ƙwallo ta faɗo hagu. Na gudu hagu, rafali ya ce satar gida. Sau huɗu ana kama ni da satar gida, har wani daga kan katanga ya yi ihu, "Ku ba shi ɗaki can, ya tare!"

Dab da hutun rabin lokaci dama ta zo. An kwararo mini ƙwallo a ƙasa, gola ya faɗi, gida a buɗe, tsakanina da shi bai fi taku shida ba. Irin wadda nake cewa ko turmi zai ci. Na tattara duk ƙarfin da Allah Ya ba ni na ɗaɗa mata ƙafa. Ta tashi sama, ta tsallake turke, ta tsallake katanga, ta faɗa gidan wani dattijo. Sai da aka tsai da wasa aka je aka yi sallama aka roƙo ta.

Aka tafi hutu. Malam Isiya ruwa kawai ya miƙo mini, yana kallon wani wuri daban.

Aka dawo, babu ci. Ni kuwa zuciyata ta riga ta hau wuya. Sai ga wata dama ta gefen dama. Na wuce Bafillacen nan karo na farko a duk yammacin, na shiga, kusurwa ta matse, na rufe ido na buga. Da na buɗe ido, sai na ga koma tana rawa, ƙwallo tana lilo a jikinta. Na ji ihu ya tashi daga can ɗaya gefen filin.

Jama'a, ban ƙara duba komai ba. Na cire rigar Haliru na riƙa juya ta a sama, na zuba da gudu zuwa rumfar manya. Ina jin 'yan ƙungiyarmu suna ƙwala mini kira, "Dawo! Kai, dawo!" Na ce a raina, ku biyo ni mana, yau ranata ce. Na isa gaban rumfa na yi alkafura, irin wadda rabona da ita tun ina firamare. Na miƙe na nuna Kawu da yatsa ɗaya, na ce da ƙarfi, "Saura biyu!"

Daidai nan wani ihun ya sake tashi, wanda ya fi na farko nesa ba kusa ba, har da ganga. Ni kuma na ɗauka alkafurata ce ta burge mutane. Sai na ƙara musu wata.

Da na dira, sai na lura babu mai tafi a rumfar. Wani dattijo ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna girgiza. Kawu ya taso a hankali, ya zaro hankici daga aljihu ya miƙo mini.

"Ɗana, share zufa ka koma. An ci ku."

"Kawu, ni nac ci!"

"Taka ta waje ta bi, ta bayan turke. Golanmu ya ɗauka ya buga tun kana tuɓe riga. Kana alkafura ta farko muna tsakiyar fili, kana ta biyu mun ci."

Na waiwaya. Can ƙarshen fili 'yan Bukkuyum sun taru kan junansu suna murna, golanmu yana ciro ƙwallo daga cikin koma. Sauran 'yan ƙungiyarmu tara sun tsaya, hannu a ƙugu, duk suna kallona. Ni kuma ga ni tsirara daga cibiya zuwa sama, ƙasa a gashin kaina, a gaban duk wani mai faɗa-a-ji na garinmu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Tafiyar da na yi daga rumfar nan zuwa tsakiyar fili ita ce mafi tsawo da na taɓa yi, har da zuwa Gwashi a ƙafa da na yi wata shekara da damina.

Saura kamar minti goma sha biyar, Malam Isiya ya ɗaga hannu a yi canji. Na fara tafiya waje da kaina. Ya daka mini tsawa: "Ina za ka? Tuɓe rigar mutane ka ba Haliru, ka koma wurinka!" Wani ya fita, na karɓi tasa, Haliru ya shigo da bandeji a ƙwauri yana ɗingishi.

A nan, daga baya, na ga abin da na yi shekara uku ina kallo ban gani ba. Haliru ba tsayuwa yake ba. Kansa ba ya zama wuri ɗaya, ya dubi gola, ya dubi mai tsaron baya, ya dube ni. Ya ja taku biyu baya kamar ya gaji, Bafillacen ya saki jiki ya ɗauke ido daga kansa. A daidai wannan ƙiftawar Haliru ya nuna mini ƙasa da yatsa. Na tura ta nan. Bai ma buga da ƙarfi ba, gefen ƙafa ya sa mata kamar mai ture kyanwa daga bakin ƙofa. Ta shige. Ta ciki.

Ta biyun ana dab da tashi ne. Aka bugo kwana, mutum goma sha suka yi tsalle, Haliru bai yi ba. Ya tsaya can turke na nesa inda babu kowa, ƙwallo ta zame daga kan wani ta faɗo gabansa kamar an aiko masa da ita. Biyu da ɗaya. Ya ɗaga hannu ɗaya, ya juyo yana ɗingishi, shi ke nan murnarsa.

Bayan an ba mu kofi an kwance mana rago, na same shi zaune yana warware bandeji, ƙunar ta fashe. Na tsuguna na ce, "Haliru, ka yafe mani. Na ci ƙwanka na ci namanka."

Ya yi dariya. "Wadda ka zubar ɗazu, ni na zubar da irinta ta fi ɗari. Kullum in na rufe shago ina zuwa nan ni ɗai in yi ta bugu. Kuma in ba ka turo ba, mi zan ci? Abu guda dai, ni nikan duba rafali kafin in tuɓe."

A gidanmu Kawu ya sauka. Duk da an ci garinsu, ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na ranar ba. Bayan magariba ya tsaya tsakar gida yana kwatanta wa Inna komai, har yana neman gwada alkafurar da babbar riga. Inna ba ta san dokar ƙwallo ba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta juyo gare ni da gaskiyarta ta ce, "To, ita alkafurar, ci nawa aka ba ta?"

Na koma lamba shida na yi shekara shida a nan, ban sake neman canjin wuri ba. Yanzu gwiwa ta ƙi, sai gidan kallo. In ɗan wasan gaba ya zubar da ƙwallo a bakin raga, matasa suka miƙe suna cewa ko kakarsu za ta ci wannan, ni dai sai in gyara zama in yi shiru. In kuwa raga ta motsa, kowa ya tashi da ihu, za ka gan ni a zaune ni kaɗai, ina jira a maimaita.